Uwa Ɗaya, Bututu Biyu

Santa Rosa, Talata 8 ga Maris, 1994
Ƙarfe huɗu da minti goma na yamma, a ɗakina da ke saman gidan burodi

Zuwa ga Kawu Evaristo Zúñiga,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kai da Inna Ercilia kuna lafiya, da awaki da dawaki. Ni lafiyata ƙalau, sai ɗan tarin da ƙurar fulawa ke sa ni.

Na san ba za ka gane rubutuna ba. Ni ce Griselda, jikar Petrona, wadda mahaifinta da mahaifinka wa da ƙane ne. Rabonmu da haɗuwa tun jana'izarta, lokacin da ka ɗora ni a kan doki na yi ta ihu.

Yanzun nan Don Fermín mai motar kaya ya sauke min cinyar ɗan akuya a cikin buhu, da wata takardar 'yan sanda, da saƙonka na baki. Ya ce ka ce, "A kai wa Doktar gidanmu ta gyara." Kawu, gaskiya ne a ƙasar nan duk wanda ya gama karatun lauya Dokta ake ce masa, amma ni a watan Disamba na gama. Ban taɓa tsayawa gaban alƙali ba. Aikina a ofishin da nake shi ne in jera takardu, in kai kotu, in dawo. Ba ƙi nake yi ba, so nake ka san wuyan da ka ɗora wa kaya.

Takardar ta ce ɗan sandan yankinku ya same ka da bindiga marar rajista, ya ba ka zuwa 31 ga Mayu ka nuna masa shaidar rajista. In ba haka ba za a karɓe ta, maganar kuma ta tafi gaban alƙali. Wannan na gane. Bayanin Don Fermín ne ya ɗaure min kai. Na ce masa wace irin bindiga ce, ya ce, "Ya danganta da ranar." Na ce wane kamfani ya ƙera ta, ya yi dariya har da dafa ƙofa, ya ce, "Kamfanin Zúñiga da Ƙanensa." Na ce to girman harsashinta fa, ya ce, "Wanne daga ciki, 'yar nan?"

Don Allah ka gaya min dalla-dalla: bindiga ɗaya ce ko biyu? Wa ya haɗa ta, da me, yaushe? Akwai lamba a jikinta? In akwai, a ina take? Kada ka ce wani abu ƙarami ne ka bar shi. Ni ƙananan abubuwan ne ke hana ni barci.

Na gode da naman.

'Yarka,
Griselda Urrutia

*

La Porfía, yamma da Limay Mahuida
Lahadi, bayan ruwan sama

Dokta,

Muna gaishe ki. Lafiya lau muke, sai gwiwata da ba ta shiri da sanyi. Innarki ce ke rubutawa, ni ina faɗa, don haka in kin ga ƙarya daga hannunta ta fito. (Daga bakinsa ta fito, 'yata. Ercilia.)

Na tuna ki sarai. Dokin da kika yi wa ihu har ya mutu bai daina jin tsoron yara ba.

Kin ce ɗaya ce ko biyu. Ke ma kin yi tambaya! Uwa ɗaya ce, bututu biyu. Uwar ita ce ƙarfen tsakiya, inda kunama take, inda harsashi ke shiga. Ni da ƙanena Casimiro muka saye ta a wani shago a General Acha, cikin tsofaffin kayan da sojoji suka zubar, shekarar da aka yi babban fari. Bututunta na asali tsatsa ta cinye shi. Ni na sassaƙa ƙotar da iccen caldén. Casimiro, wanda ba wanda ya koya masa ƙira sai ƙarfin hali, shi ya samo bututu biyu ya gyara su yadda kowanne zai ɗauru a jikin uwar ya kuma kwance. Babban nawa ne, na aladen daji da zaki. (Puma yake nufi, babbar kyanwar dajin nan. Kin san mutanen nan.) Ƙaramin na Casimiro ne, na dila, don shi fatar dila yake sayarwa, ba ya son harsashin da zai yaga masa ita.

Gidansa tafiyar rabin yini ce a kan doki. Kowa yana ajiye bututunsa a gidansa, uwar ce ke yawo tsakaninmu. In zaki ya dame ni sai in tura yaro ko in je da kaina, mu sha shayinmu na mate, in ɗauko ta. In sanyi ya shiga fatar dila ta yi kyau, sai ya zo ya karɓa. Mun fi shekara ashirin a haka ba mu taɓa faɗa a kanta ba. (Sun yi, sau da yawa.) Da ya rasu, matarsa Zoila ta aiko min da bututunsa a nannaɗe cikin bargonsa. Ban taɓa harbi da shi ba. Ina dai shafa masa mai.

Lamba kuwa, akwai wasu 'yan lambobi na sojoji a gefen hagu na uwar, ban taɓa damuwa da su ba. Bututun babu lamba, amma kowanne yana da tambarin mai shi, irin wanda ke jikin dawakanmu. Casimiro ya ƙera mana ƙananan ƙarafan tambari na buga wa wuƙa da linzami. Nawa rabin wata ne da sanda a ƙasa, nasa rabin wata da sanda biyu.

Ki ji, Dokta. Awaki za su fara haihuwa a watan Yuni. Akwai wata tsohuwar zakanya da ke saukowa daga duwatsu duk sanyi, bara 'ya'yan awaki tara ta kwashe min ina da bindigar ma. In suka karɓe ta, sai dai in fito in karanta wa zakanyar takardar ɗan sanda.

Kawunki,
Evaristo

(Ki ci abinci. Fermín ya ce kin rame kamar sandar shinge. Ercilia.)

*

Santa Rosa, Laraba 6 ga Afrilu, ƙarfe ɗaya na rana

Kawu,

Ina gaishe ku. Allah ya sawwaƙe gwiwa. Tarin nawa ya tafi. Inna, ina cin abinci, Don Fermín ne idonsa ya saba da matan da ke ɗaga buhu.

Na je ofishin rajistar makamai sau biyu, jiya da yau. Zan rubuta maka abin da aka gaya min yadda aka faɗa, domin ni kaina ban san wanne zan kama ba.

A taga ta farko akwai wani mutum mai gashin baki, yana shan mate bai ko ɗago kai ba. Ya ce, "Bindiga ita ce uwar, Dokta. Ita ke da lamba, ita ake wa rajista. Bututu takalmi ne. Ke in kin canja takalmi sai an sake miki katin ɗan ƙasa?" Na ji daɗi ƙwarai, na rubuta. Sai ya ce in je taga ta biyu in karɓi takardar cikewa.

A taga ta biyu wata mata ce mai tabarau da sarƙa. Da na maimaita mata maganarsa, sai ta leƙa ta kira shi, ta ce, "Kai, takalmi ne ke harbi?" Ta juyo ta ce min uwa ita kaɗai ba ta kashe ko ɓera, bututu ne ke aikin. Ta ce kowane bututu dole ya kasance da alamar da ke nuna na wane ne, kuma ba a yi wa rayayye rajistar kayan da har yanzu suke na mamaci. Na ce ta nuna min inda aka rubuta. Ta buɗe wani babban littafi, ta yi ta juya shafuka, sai waya ta yi ƙara, ta rufe shi ta tafi. Na jira har aka tashi daga aiki.

Yau da safe na sami na uku, wani dattijo da ke duba makamai da hannunsa, wanda aka ce ranar Talata kawai yake zama, yau ma sa'a na yi ya zo ɗaukar lemarsa. Na fara yi masa bayani, ya ɗaga hannu ya ce, "Ni ba na duba bindiga a bakin lauya. A kawo ta in gani."

To ka ji. Mutum uku, magana uku. Na duba dokar da kaina har idona ya yi ja. Ta yi magana a kan bindigar kamfani, ta yi magana a kan bindigar da aka canja wa bututu sau ɗaya aka bar ta haka. Ban ga inda ta yi magana a kan bindigar da take canjawa gwargwadon dabbar da ta shigo garke ba. Na fi karkata ga maganar matar, domin ita kaɗai ce ta buɗe littafi, ko da yake ban ga shafin ba.

Na sa sunanka a layin dattijon ranar Talata 24 ga Mayu. Ita ce Talata ta ƙarshe kafin ranar wa'adin, ta 31 kuma ba na so mu dogara da ita. Kafin nan ka kwafo min lambar sojojin da ke jikin uwar, harafi da harafi. Ita ce abin da mutum biyu cikin ukun ba su yi musu a kai ba.

'Yarka,
Griselda

*

La Porfía, Talata

Dokta,

Gaisuwa. Muna lafiya. Fermín yana waje bai kashe mota ba, don haka gajeruwa ce.

Na ji maganar matar mai tabarau, kuma ta yi gaskiya. Ashe gwamnati ma tana da hankali wani lokacin. Ba a kai dabba kasuwa da tambarin wani a jikinta. Don haka na rage miki aiki. Tsohuwar alamar mun kashe ta, kamar yadda ake yi in dabba ta sauya hannu, na buga tawa a gefe. Ƙarfen yana da tauri, sai da aka buga sau uku kafin ya ci. Ba abu ne mai daɗi ba, amma an yi an gama.

Lambar da kika ce a kwafo, mun duba ni da Ercilia a cikin rana, ba ta karantuwa. In na zo kya gani da idonki.

Evaristo

(Ni dai na ce masa ya jira ki. Kwana biyu bai ci abincin kirki ba. Ercilia.)

*

Santa Rosa, Laraba 27 ga Afrilu, ƙarfe bakwai na safe

Kawu,

Ina gaishe ku, ina fata kuna lafiya. Ni ba ni da lafiya. Wasiƙarka ta zo jiya.

Wace alama kuka kashe? Kawu, wace alama?

Ka ce ka buga sau uku. Ka ce lambar ba ta karantuwa. A watan Maris ba ka ce ba ta karantuwa ba, cewa ka yi ba ka damu da ita ba. Na jera wasiƙunka biyu a kan gado na karanta su har na haddace, kullum wuri ɗaya nake fitowa: ka bi ta kan lambar sojoji da guduma.

Ka saurare ni da kyau. Rashin rajista laifi ne da ake gyarawa. Goge lambar bindiga laifi ne na gidan yari. Wannan ba taga ta farko ko ta biyu ce ta faɗa ba, na karanta da idona, kuma babu wanda ke musu a kansa. In ka shiga da ita wurin dattijon nan a haka, ba bindigar kaɗai za su riƙe ba.

Don haka kada ka zo da ita. A'a, ban ce kada ka zo ba, domin in ba ka zo ba ranar 31 za ta same mu. Ban kuma ce ka ɓoye ta ba. Lauya ba ta cewa a ɓoye, ka ɗauka ban rubuta wannan kalmar ba. Abin da nake cewa shi ne kada ka ƙara taɓa ta. Kada ka goga, kada ka kankare, kada ka yi ƙoƙarin maido da abin da ka buge. Ka rubuto min yau, ko da layi ɗaya ne.

Na so in tambayi maigidana a ofis. Na je har bakin ƙofarsa na dawo, don ban sani ba ko faɗa masa zai tilasta shi ya faɗa wa wani. An koya mana wannan a shekara ta huɗu, amma yau na neme shi a kaina na rasa.

Griselda

*

Santa Rosa, Litinin 9 ga Mayu, da yamma

Kawu,

Gaisuwa. Shiru har yanzu. An ce min kogi ya cika ya yanke hanya, motar Don Fermín tana ƙetare. Ban san ko wasiƙata ta iso ba, wannan ma ban san ta inda za ta bi ba, na ba wani malamin makaranta da ke tafiya ta wancan gefen.

Na je gidan rediyo na ba da saƙo a shirin da ake karanta wa mutanen karkara saƙonni da rana. Ban iya ambaton bindiga ba, duk yankin yamma yana ji. Ga abin da na sa aka karanta: "Zuwa ga Evaristo Zúñiga a La Porfía. Ka ajiye guduma, kada ka sake buga komai. Daga Griselda." In ka ji, to ni ce.

Na tambayi kuɗin hayar mota zuwa Limay, direban ya ce ko jirgin ruwa na hayo sai na yi sauran tafiyar a kan doki. Ka san tarihina da doki.

Griselda

*

La Porfía, Asabar, ruwa ya fara ja

Dokta,

Muna gaishe ki. Lafiya lau muke, kuma ba mu shiga gidan yari ba tukuna. Wasiƙunki biyu rana ɗaya suka iso. Saƙon rediyon kuwa ya riga su, kuma ba ni kaɗai ya samu ba. Yanzu duk wanda ya wuce a kan doki sai ya ɗaga hula ya ce, "Don Evaristo, a ajiye guduma!" Har limamin coci da ke zuwa sau biyu a shekara ya aiko yana tambaya ko Ercilia nake duka. (Ya gwada mana. Ercilia.)

Ke 'yar nan, ni ɓarawon shanu ne da zan taɓa alamar sojoji? Mai alama shi kaɗai ke kashe alamarsa, ko magajinsa. Duk wanda ya bi ta kan tambarin wani da hannunsa, a yankin yamman nan suna ɗaya gare shi, ɓarawo. Lambar tana nan yadda suka buga ta. Ba ta karantuwa ne saboda akuya ta take tabarau ɗin Ercilia, ni kuwa idona ya daɗe da daina ganin abin da ya fi ƙuda ƙanƙanta.

Tambarin Casimiro muka kashe. Kin rubuta cewa ba a yi wa rayayye rajistar kayan mamaci. Bututun nasa ne, alamarsa ce a jiki. Sai na ɗaura sirdi na tafi wurin Zoila.

Ban taka gidan ba tun ranar da muka binne shi. Ba faɗa muka yi ba, ƙafata ce ba ta iya shiga tsakar gidan. Na same ta tana ba kaji hatsi. Ta dube ni ta ce, "Ikon Allah! Mutum bai kawo ka ba, ƙarfe ya kawo ka." Ta dafa mate, muka sha. Da na gaya mata abin da gwamnati ke so, sai ta shiga ɗaki ta fito da ɗan ƙarfen tambarinsa a cikin gwangwanin alewa. Ta ce, "Ka san wannan bututun shi ne abu na ƙarshe da ke ɗauke da alamarsa? Dawakan an sayar. Wuƙar da ita aka binne shi." Na ce ban sani ba. Ta ce, "To yanzu ka sani. Riƙe min."

Kin san yadda ake yi, ko ba a koya muku ba? Ba gogewa ake yi ba. Tambarin mai sayarwa ake sake bugawa a kife kusa da na farko, duk wanda ya gani ya san ya saki. Ni na riƙe ƙarfen, ita ta buga, don ita ce magajiya. Sai a bugu na uku ya ci. Sannan na buga nawa. Da muka gama ta ɗauki ƙarfen ta nufi rijiya. Na ce, "Zoila, me za ki yi?" Ta ce, "Tambarin da ba shi da ko dabba ɗaya me zai tsare?" Na ji ƙarar faɗawarsa cikin ruwa.

Shi ke nan abin da ya faru. Yanzu bututun nawa ne a gaban kowa, matarku mai tabarau ba ta da abin cewa. Zan zo da Fermín ranar Litinin 23. Ki nemo min wurin kwana inda ba a hawa bene.

Kawunki,
Evaristo

*

Santa Rosa, Alhamis 26 ga Mayu, ƙarfe shida na safe, kafin motar Don Fermín ta tashi

Zuwa ga Inna Ercilia,

Ina gaishe ki da kyau. Kawu yana lafiya, gwiwar ta ɗan kumbura saboda zaman mota, na saya masa man shafawa yana cikin aljihun hagu na jakarsa. Jiya ranar hutu ce, na kai shi ya ci locro, faten masara da nama, a dandali, ya ce masarar ba ta nuna ba amma ya cinye kwano biyu. Ke nake rubuta wa domin na san in ya iso cewa kawai zai yi "an gama," ya tafi wurin awaki.

An gama ɗin. Bindigar tana dawowa gida, takardar tana cikin rigarsa. Ki sa ya nuna wa ɗan sandan kafin ranar Talata.

Ga yadda aka yi. Dattijon ya shimfiɗa kayan a kan tebur, ya goge gefen uwar da tsumma, ya karanta lambar tsaf ba ko ƙyafta ido. Inna, sai ga ni zaune a kan kujerar da ba a ba ni ba. Ya ɗaura babban bututun, ya kwance, ya ɗaura ƙaramin, ya kwance. Ya daɗe yana kallon zaren ƙarfen. Ya ce, "Wa ya yi wannan aikin?" Kawu ya ce, "Ƙanena." Ya ce, "A ina ya koya?" Kawu ya ce, "A ƙarƙashin bishiya." Dattijon ya ce, "Ka gaishe shi." Kawu ya ce ya rasu. Sai dattijon ya cire hularsa ya ajiye a gefe.

Daga nan ya ce takardar gurbin girman harsashi ɗaya kawai gare ta, Kawu ya zaɓa. Kawu ya dubi ƙaramin, ya dubi babban, ya ce, "Zakanya ba ta san zumunci ba. Rubuta babban." Aka rubuta.

Sai Kawu ya tura masa ƙaramin, ya nuna masa tambarin da yatsa, ya ce, "Wannan ma ga shi, an kashe tsohuwar alama, ga tawa, komai a kan ƙa'ida." Dattijon ya ce, "Wannan ai ƙarfe ne, Don. In ba a jikin uwa yake ba, ba ruwana da shi. Ka kai gida, in ka ga dama ka hura wutar gashi da shi." Kawu ya ce, "Ba sai da sunana a jiki ba?" Ya ce, "Ko sunan Fafaroma ne a jiki."

Ban yarda ba, na ja Kawu zuwa taga ta biyu. Matar ta sa tabarau ta duba rabin watan nan uku, ta ce, "Mene ne wannan?" Na tuna mata maganarta. Ta ce, "Dokta, ni lambar hukuma nake nufi, ba zanen shanu ba." Ta ce a dawo da bututun wata rana a ga ko za a yi masa tasa takardar. Mai gashin bakin ya leƙo daga tagarsa ya ce, "Takalmi!" Suka fara musu. Kawu ya naɗe bututun a cikin bargon, muka fito.

A waje ya zauna a kan benci ya buɗe bakin bargon, yana shafa wurin da babban yatsa. Na ce masa ni ce na rubuta cewa na fi karkata ga maganarta, ba tare da na ga shafin ba. Ya ce, "Ke kin rubuta abin da kika ji, ni na yi abin da na sani." Can ya ce, "Dokta, a duk littattafan nan naki, akwai inda aka ce tambarin da aka kashe yana tashi?" Na ce zan duba.

Ga abubuwan da har yanzu ban sani ba, don kada ku ɗauka na san su:

Ko in ya ɗaura ƙaramin bututun, bindigar tana nan ita ce ta cikin takardar, ko ta zama wata.

Ko ƙaramin yana buƙatar takardarsa. Mutum biyu sun ce a'a, ɗaya ta ce wataƙila.

Abin da ke cikin shafin da matar ba ta samo ba, in akwai shafin.

Ko ɗan sandan yankinku zai karanta takardar irin karatun dattijon ko irin na matar.

Ko ya kamata a gaya wa Inna Zoila cewa ba a buƙaci abin da ta yi ba, da kuma wanda zai gaya mata. Kawu ya ce shi zai je da kansa ranar Lahadi, amma bai ce abin da zai faɗa ba.

Amsar tambayarsa. Na duba dokar kiwo daga farko har ƙarshe. Ta faɗi yadda ake yin tambari, yadda ake gadonsa, yadda ake kashe shi. Daga nan ta yi shiru.

Zurfin rijiyar Inna Zoila. Jiya Kawu ya shiga shago ya sayi igiya doguwa da wani babban maganaɗisu, ya ce na aikin shinge ne. Ban tambaye shi ba.

'Yarki,
Griselda